Yadda ɗan majalisa zai bi sawun kuɗin gwamnati daga takardar kasafi har inda aka ce an yi aikin

Na daɗe ina zama a layin baya na ɗakin kwamiti, inda mataimakan 'yan majalisa ke jeruwa da fayil a cinya, kuma babu abin da ke ci mini rai kamar zaman kare kasafi da ake gamawa cikin minti arba'in. Shugaban hukuma zai shigo da daraktocinsa, a raba wa kowa kundi mai kauri wanda da safiyar nan aka karɓo daga wurin masu ɗauri. A karanta jimla, a yi kukan kuɗi ba su isa ba, mutum biyu su yi tambaya, a ce ya rusuna ya tafi. Alhali kuɗin da aka yi maganarsu a ɗakin nan su ne maganin da babu a asibitin ƙauyenmu, su ne kwanon ajin da iska ta yaye tun damina biyu.

Wannan rubutu na sabon ɗan majalisa ne da mataimakinsa da akawun kwamiti, da kuma duk wanda ke son sanin abin da ya kamata ya nema daga wakilinsa. Da Majalisar Tarayya zan riƙa misali, amma kusan komai yana aiki a majalisar jiha.

A 'yan shekarun nan hanyar da kuɗin gwamnatin Najeriya ke bi ta canja ƙwarai. A 2007 aka fara tsarin biyan albashi na IPPIS. A 2012 aka kunna GIFMIS, manhajar da ma'aikatu ke bi ta cikinta su biya kuɗi. A watan Satumba na 2015 aka tilasta wa ma'aikatu su rufe asusunsu na bankunan kasuwanci su koma asusun bai-ɗaya, TSA, a Babban Banki. A Disambar 2019 aka buɗe shafin Open Treasury a intanet, inda ake wallafa manyan biyan kuɗi. Duk ɓangaren zartarwa ne ya kafa su, kuma makullansu a hannunsa suke. Amfaninsu a gare ka, ranka ya daɗe, shi ne yanzu naira tana barin sawu. Da can in aka ce fayil ya ɓata, magana ta mutu ke nan. Yau biyan da aka yi ta kwamfuta yana da rana, yana da lamba, yana da sunan wanda ya karɓa. Abin da ya rage a samu mai haƙurin bin sawun.

Mataki na farko: ka san abin da ke hannunka

Ka ware yamma ɗaya ka karanta sashe na 80 zuwa na 89 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Ba su da tsawo. Sashe na 80 ya ce ba a fitar da kuɗi daga asusun gwamnati sai da izinin majalisa, in ban da abin da kundin da kansa ya ɗora wa asusun. Sashe na 88 ya ba kowace majalisa ikon binciken duk wanda ke kashe kuɗin da ta ware, domin gyara doka da kuma tona cin hanci, sakaci ko almubazzaranci. Sashe na 89 ya ba ta ikon kiran kowane mutum a Najeriya ya zo da shaida ko takarda, a rantsar da shi, in kuma ya ƙi zuwa ba tare da uzuri ba a ba da sammacin kawo shi. Sashe na 85 na Babban Mai Binciken Kuɗi ne, wato Odita Janar. In kana majalisar jiha, naka suna sashe na 120 zuwa na 129.

Ka kuma san iyakarka. Majalisa ba kotu ba ce, ba ta yanke wa kowa hukunci. Ƙarfinta yana cikin tonawa, da rubuta abin da aka tono, da miƙa shi ga masu gurfanarwa, da riƙe kasafin baɗi.

Littattafai uku su zauna a teburin mataimakinka: dokar kula da kashe kuɗi ta 2007 wadda ta kafa Hukumar Fiscal Responsibility, dokar ba da kwangila ta 2007 wadda ta kafa BPP (hukumar da ke sa ido a kan ba da kwangilar gwamnati), da littafin ƙa'idojin kuɗi na gwamnatin tarayya da kowane akanta ya sani.

Mataki na biyu: ka zaɓi layi kaɗan tun kasafi bai zama doka ba

Kasafin tarayya kundi ne na shafuka masu ɗimbin yawa, kuma wanda ya ce zai bi shi duka ba zai bi komai ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Cikin ma'aikatun da kwamitinka ke kula da su, ka zaɓi layi biyar ko shida kawai, ka ɗauri aniyar binsu har ƙarshe. Ka haɗa su iri-iri: babban aiki ɗaya mai kuɗi da yawa, aiki ɗaya da aka daɗe ana rubuta masa «ana kan yi», sayen kaya ɗaya, horo ko tallafi ɗaya, da aikin mazaɓa ɗaya. Kowane aiki a kasafin tarayya yana da lambarsa. Ka rubuta lambar, domin sunan aiki yakan sauya daga shekara zuwa shekara da kalma ɗaya ko biyu.

Akwai layin da tun a takarda yake wari. Layin da bai faɗi wuri ba, sai dai «wasu zaɓaɓɓun garuruwa a arewa maso yamma». Layin da bai faɗi adadi ba, a ce sayen babura amma ba a ce guda nawa ba. Layin da aka jingina wa hukumar da ba aikinta ba ne, kamar a ba cibiyar binciken noma aikin kafa fitilun titi. Irin wannan hukuma ba ta da injiniyan da zai duba aikin, kuma sau da yawa shi ya sa aka zaɓe ta. Sai kuma horo da tallafin sana'a, waɗanda suka fi kowane layi wuyar tabbatarwa, don ba sa barin gini a ƙasa.

A nan dole in faɗi abin da ba a son ji. Da yawa daga irin waɗannan layuka a cikin majalisa ake cusa su. Rikicin cushen kasafi na 2016 ya kai ga dakatar da Abdulmumin Jibrin daga Majalisar Wakilai. A watan Maris na 2024 kuma Sanata Abdul Ningi ya yi zargi a hirarsa da BBC Hausa cewa akwai sama da naira tiriliyan uku a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina musu ba. Majalisar Dattawa ta musanta, ta dakatar da shi na wata uku. Ba zan shiga tsakaninsu ba, amma ga abin da na koya: zargin da aka kawo da jimla ana iya ture shi a zama ɗaya, wanda aka kawo da shafi da lamba da sunan gari kuwa sai an amsa shi. Kuma in kai da kanka ka cusa layi maras wuri maras adadi, ka ɗaure bakinka da hannunka, don shugaban hukumar da ka ajiye layin a wurinsa ya sani, kuma zai tuna maka da ido ranar da ka zo yi masa tambaya.

Mataki na uku: lambobi huɗu, kada ka bari a cakuɗa su

In ba ka riƙe komai daga rubutun nan ba, ka riƙe wannan. Kowane layi yana da lambobi huɗu: abin da majalisa ta ware, abin da aka sakar wa ma'aikatar, abin da ma'aikatar ta biya, da ƙimar aikin da yake a ƙasa. Yawancin ruɗun da ake yi wa kwamiti ana yin sa ne ta hanyar ɗauko ɗaya a kira shi da sunan ɗaya.

A ɗauka an ware naira miliyan 200 don gina asibitin karkara. Aka saki miliyan 80, ma'aikatar ta biya ɗan kwangila duka 80 ɗin. Darakta zai tashi ya ce sun aiwatar da kashi 100, kuma bai yi ƙarya ba, in ana nufin abin da aka sakar musu. Amma a kan abin da aka ware kashi 40 ne. In kuma ka je wurin ka tarar da harsashi da bulo layi huɗu, to aikin da ke ƙasa bai kai ko rabin abin da aka biya ba. Kowane giɓi da mai amsa shi. Giɓin da ke tsakanin warewa da saki na Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Akanta Janar ne. Wanda ke tsakanin saki da biya na shugaban hukumar ne. Wanda ke tsakanin biya da aiki na ɗan kwangila ne da injiniyan da ya sa hannu cewa aikin ya kai.

Don cike waɗannan lambobi, akawun kwamiti ya rubuta wa hukumar aƙalla mako biyu kafin zama, ya faɗi abin da ake so dalla-dalla: takardun sakin kuɗi da ranakunsu, da bayanin biya da aka fitar kai tsaye daga GIFMIS. Ka dage a kan wanda aka fitar daga manhajar, kada ka karɓi jadawalin da wani ya sake bugawa a ofis. A kuma rubuta a wasiƙar cewa kundin da bai iso kwana bakwai kafin zama ba, ba za a saurare shi ba. In aka ɗaga zama sau ɗaya a kan wannan, labari zai zaga ma'aikatu da kansa.

Kada ka dogara da bakin hukumar kaɗai. Dokar kula da kashe kuɗi ta 2007 ta wajabta wa Ofishin Kasafi ya fitar da rahoton aiwatarwa cikin kwana 30 bayan kowane wata uku. Yakan makara, makarar ma abin tambaya ce. Shafin Open Treasury an tsara shi ne ya nuna biyan baitulmali daga naira miliyan 10 zuwa sama, na ma'aikatu kuma daga miliyan 5. Mataimakinka ya nemi sunan hukumar da na kamfanin a ciki, ya gwada da abin da aka kawo muku. In rana ko adadi sun saɓa, ka samu tambayarka ta farko.

Abu biyu su ƙara maka kula. Ɗaya, kuɗin da aka ware don abu ba a karkatar da su zuwa wani sai da amincewar majalisa, saboda haka «mun ga wancan ya fi gaggawa» ba amsa ba ce, sai an nuna takardar amincewa. Biyu, a shekarun baya-bayan nan majalisa ta sha tsawaita wa'adin ɓangaren manyan ayyuka, har kasafi biyu ko fiye suna tafiya tare. Duk biyan da aka nuna maka, ka tambaya daga kasafin wace shekara ya fito, kada a biya aiki ɗaya daga aljihu biyu.

Mataki na huɗu: fayil ɗin kwangila

Ka nemi fayil ɗin gaba ɗayansa, ka bi shi da ranaku. Tallan jarida, rajistar buɗe tayi, rahoton tantancewa, amincewar kwamitin ba da kwangila, takardar rashin ƙalubale daga BPP in kuɗin ya kai matakin da ake buƙatarta, wasiƙar ba da aiki, yarjejeniya, jadawalin kaya da farashinsu, sannan baucocin biya. Ranaku su bi juna. Wasiƙar ba da aiki da ta riga ranar buɗe tayi ta gama ba ka labari.

Ka duba ko an yayyanka aiki ɗaya gida-gida, kowane yanki ɗan ƙasa da matakin da zai kai shi gaban BPP. Doka ta haramta wannan. Ka duba kuɗin kafin alƙalami, ko ya wuce iyakar da doka ta sa, kuma ko akwai lamunin banki ko na inshora a bayansa. Ka shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga yaushe aka yi wa kamfanin rajista da su wa ke da shi. Kamfanoni uku da suka yi takara amma adireshinsu ɗaya ba takara suka yi ba.

Mataki na biyar: ka je ka gani

Gani ya kori ji, amma ba kowane zuwa ne gani ba. Wata rana mun bi tawaga duba rijiyar burtsatse mai amfani da hasken rana a wani ƙauye. Hukumar ce ta kawo motoci, ita ta zaɓi wurin, ita ta sa rana. Mun tarar da allon suna sabo fil, fenti yana ƙamshi, aka murɗa famfo ruwa ya zubo, aka yi tafi, aka ɗau hoto. Ina komawa mota sai na ga sawun tayar babbar mota a jiƙaƙƙiyar ƙasa daidai gindin tankin. Na tambayi wata dattijuwa da ke zaune da tiren gyaɗa, na ce, «Baba, ruwan nan kullum yana zuwa?» Ta dube ni ta ce, «Ɗan nan, jiya da magariba tanka ta kawo shi. Mu har yanzu rafi muke zuwa.» Rahoton ziyarar ya riga ya rubutu a kan cewa aiki ya kammala, kuma abin bai bar zuciyata ba har yau.

Daga ranar na riƙe wasu ƙa'idoji. Kwamiti ne zai zaɓi wurin da za a je, kuma kada a faɗi sunan garin sai da safe. Kwamiti ne zai biya mota da masauki da abinci daga kuɗin majalisa. Ba na sassautawa a kan wannan, don in baki ya ci, ido zai ji kunya, kuma hukumar da ta kama maka ɗaki ta riga ta sayi rabin rahotonka ko ba a ce komai ba. In babu kuɗin tafiya ta mutum goma sha biyu, a tura mutum uku.

Ku tafi da jadawalin kaya da farashi a hannu, da tef ɗin awo, da injiniya ko mai ƙiyasin gini wanda ba ma'aikacin hukumar ba ne. In takarda ta ce aji shida, a ƙirga. In ta ce faranti goma sha biyu na sola, a ƙirga, a karanta abin da ke rubuce a bayansu. A zaga bayan ginin, don gaba ake yi wa fenti. A kunna abin da ake kunnawa a bar shi ya yi aiki na ɗan lokaci. A ɗau hoto da wayar da ke nuna rana da wuri. Mutum ɗaya ya zame daga tawaga ya gaisa da mai unguwa, da malamar asibiti, da matan da ke ɗiban ruwa, ba a gaban darakta ba. In kaya aka saya, a je sito a nemi littafin shigar kaya da na fitarsu, a zaɓi sunaye goma daga jerin waɗanda aka ce an raba wa, a kira su a waya nan take.

Ba ku kaɗai ke wannan aiki ba. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC take bin diddigin ayyukan mazaɓu tana fitar da rahoto, ƙungiyar BudgIT ma tana da shirin Tracka mai wakilai a jihohi. Ku karanta abin da suka riga suka gano kafin ku ƙona mai.

Mataki na shida: albashi, kuɗin shiga da bashi

Hankalin kowa yana kan kwangila, amma albashi yana cin kaso mai tsoka a kowace shekara. IPPIS ya rage ma'aikatan bogi, bai kawar da su ba, tunda mutum ne ke shigar da suna. Ka nemi jerin ma'aikatan hukumar da jerin waɗanda aka biya a wata guda, a gwada su. A nemi waɗanda suka rasu ko suka yi ritaya a shekarar, a ga watan da albashinsu ya tsaya. A nemi takardar izinin duk sabon ɗaukar aiki. A Disambar 2023 gwamnati ta amince a cire jami'o'i da sauran manyan makarantu daga IPPIS. Duk wanda aka cire daga tsari irin wannan, nauyin duba shi ya ƙaru a kan kwamitinsa.

Hukumomin da ke tara kuɗi kuwa tambayarsu uku ce: nawa kuka tara, nawa kuka kashe wa kanku, nawa kuka zuba a asusun gwamnati? Dokar kula da kashe kuɗi ta 2007 ta ce hukumomin da ta lissafa su riƙe kashi ɗaya cikin biyar na rararsu su miƙa sauran. Hanyar kauce wa wannan ita ce a kumbura kashe-kashen ofis har rarar ta ƙanƙance, don haka a nan za ka sa ido. Ka kuma sa shugaban ya faɗa da bakinsa, bayan rantsuwa, ko akwai wani asusu a wajen TSA, da izinin wa.

Bashi ma kada a bar shi sai ya girma. Dokar Babban Banki ta 2007 ta taƙaita rancen wucin gadi da zai ba gwamnati a kan kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Duk da haka rancen ya yi ta taruwa shekara da shekaru, har a watan Mayu na 2023 aka amince a mayar da naira tiriliyan 22.7 bashi na dogon lokaci. Ba a dare ɗaya ya kai haka ba. Da wani kwamiti yana neman adadin duk wata uku yana karanta shi a zaure, da an yi muhawarar tun ana iya gyara.

Mataki na bakwai: rahoton Odita

Wannan shi ne kundin da ya fi kowane daraja a majalisa, kuma shi ya fi shan ƙura. Tsarin mulki ya ba Odita Janar kwana 90 daga ranar da ya karɓi lissafin Akanta Janar ya miƙa rahotonsa ga majalisun biyu, su kuma su ba kwamitin kula da asusun gwamnati. Bisa al'ada ɗan adawa ne ke shugabantar wannan kwamiti, al'adar da muka gada daga majalisar Ingila, inda aka kafa irinsa a 1861. Matsalar ita ce rahoton yakan iso bayan shekara biyu ko fiye, lokacin da wanda ya sa hannu a bauca ya canja ma'aikata ko ya yi ritaya. Don haka tambayar farko ta Akanta Janar ce: wace rana ka miƙa lissafin bara?

Ko ba ka cikin wannan kwamiti, ka ciro shafukan da suka shafi ma'aikatunka. Za ka ga laifukan suna maimaita kansu: biya ba tare da takardun shaida ba, kuɗin da aka ba ma'aikaci ya yi hidima bai dawo da rasit ba, harajin da aka cire wa ɗan kwangila ba a miƙa ba, kuɗin aiki da aka tura asusun ma'aikaci, kayan da aka biya ba su shiga sito ba, da hukumomin da ko amsa takardar tuhuma ba su yi ba. Ka jera rahoton shekara uku gefe da gefe. Hukumar da laifi ɗaya ya fito mata sau uku, da ita za a fara.

Akwai wani rami da ya kamata ka sani. Sashe na 85 bai ba Odita Janar ikon binciken asusun hukumomi da kamfanonin gwamnati da doka ta kafa kai tsaye ba. Yana ba su jerin masu binciken da za su zaɓa daga ciki, yana sharhi a kan lissafinsu, yana kuma iya kai musu duba lokaci-lokaci. To a cikin irin waɗannan hukumomi ne manyan kuɗi suke. Ka nemi lissafinsu da aka bincika na shekarar ƙarshe, tare da wasiƙar da mai binciken ya rubuta wa shugabanninsu, don a nan yake faɗin abin da bai faɗa a bainar jama'a ba. In an ce ba a kammala lissafin shekara uku ba, wannan kaɗai ya isa dalilin zama. Ofishin Odita kansa yana buƙatar kuɗi da ma'aikata da sabuwar doka, kuma majalisar da ke son rahoto a kan kari ita ce za ta ware masa.

Mataki na takwas: ranar zama

Wanda za a kira shi ne jami'in da ƙa'ida ta ɗora wa alhakin kuɗin, wato Babban Sakatare ko shugaban hukumar. In an turo mataimakin darakta, a gode masa a sa wata rana. A rantsar da mai ba da shaida, a naɗi zaman, a bar 'yan jarida su shiga.

Kafin a shiga, 'yan kwamiti su zauna na minti talatin su raba tambayoyi, kowa ya riƙe layi ɗaya. Tambaya ta zama gajera, mai neman rana ko adadi ko suna. «Yallaɓai, a wace rana aka biya kashi na biyu, kuma wa ya sa hannu a takardar shaidar aiki?» Kada ka yi jawabi, kada ka ɗaga murya. Tsawa tana samun wuri a labaran yamma, amma mai amsa ya fi son ta, don tana cinye lokacin da za a matsa masa.

Amsoshin zamewa sanannu ne, ka shirya musu. In ya ce ba a saki kuɗi ba, ka buɗe masa takardar saki. In ya ce lokacin bai zo ofis ba, ka nemi takardar miƙa aiki, a kuma gayyato wanda ya riƙe ofishin kafin shi. In ya ce magana tana kotu, ka nemi lambar ƙara da sunan kotun. In ya ce takardun suna hannun EFCC, ya kawo wasiƙar da aka karɓe su da ita. In ya ce zai aiko daga baya, a sa rana a rubuta, a karanta masa kafin ya tashi.

Mataki na tara: rahoto da bibiya

A nan yawancin bincike ke mutuwa. Rahoton kwamiti ya fito cikin makonni kaɗan, tun abin bai huce ba, kuma a kai shi zaure a amince da shi, don rahoton da ya tsaya a durowar akawu ba matsayin majalisa ba ne. Kowace shawara ta faɗi abu huɗu: me za a yi, wane ofis zai yi, nawa ne kuɗin, zuwa wace rana. «A ƙara kula» ba shawara ba ce. «Shugaban hukumar ya karɓo kuɗin kaza daga kamfanin ya zuba a TSA cikin kwana 60, ya kawo wa kwamiti rasit» ita ce shawara. Abin da ya nuna alamar laifi a miƙa shi ga ICPC ko EFCC a rubuce, da kwafin takardu, a karɓi shaidar sun karɓa. A sa rahoton a intanet, a kuma fassara taƙaitaccensa da Hausa a karanta a rediyon jiha, mutanen garin da aka ci kuɗin rijiyarsu su ji.

Ƙudurin majalisa ba doka ba ne, ɓangaren zartarwa yana iya yin biris da shi. Abin da ba zai iya yi wa biris ba shi ne kasafin baɗi. Akawu ya buɗe littafi guda, kowace shawara da layinta da ranar cikar wa'adinta. Ranar da hukumar ta dawo kare kasafi, kafin a buɗe sabon kundi a buɗe wannan littafi, a bi shi layi-layi. Aikin da aka biya ba a yi ba, kada a ƙara masa ko kwabo sai an kawo bayani a rubuce. In majalisa ta ƙare wa'adinta, a miƙa littafin ga sabon kwamiti tare da fayilolin.

Sannan mataimakinka ya rubuta rana a kalandarsa, kwana 90 bayan wa'adin da aka ba ɗan kwangila. Ran nan ya hau motar haya shi kaɗai, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya sauka a garin da hantsi lokacin da mata ke ɗiban ruwa, ya murɗa famfon da hannunsa, ya ɗau hoto, ya kawo maka.